Sunan da Ya Tafi Gabas

Litinin, 1 ga Maris 1993, bayan la'asar

Shekara hamsin ke nan ina amsa sunan da ba nawa ba. Na sa shi a shafin farko na wannan kaye, littafin rubutuna, don in daina jujjuya shi a baki ina azumi.

A 1943 gardi, dogarin Nasara, ya zo ƙauyenmu, gabas da Gazawa, da takarda a hannu. An ce kowane gari ya ba da yaro ɗaya a kai lakol, makarantar boko, a Tasawa. Sunan da ke takardar Ayuba Chindo ne, wana. Ayuba ya riga ya iya noma, ya yi nisa a allo. Baba ya ɗaga shi ya jefa cikin rumbu, aka mayar da hula aka rufe. Ni aka kamo daga wajen awaki. Gardi ya ce, "Kai ne Ayuba?" Baba ya matse mini kafaɗa. Na ce, "Ni ne."

Sunana Hashimu.

Tun daga ranar, satifika, takardar koyarwa, katin ɗan ƙasa, takardar aure, duk Ayuba Chindo. A nan Agiye ni ne Mushe Ayuba, yadda ake kiran malamin lakol da Faransanci. Ayuban gaskiya ya bi ayarin masu zuwa hajji a ƙafa a 1950, bai dawo ba. Ya zauna a Sudan, wani ƙauye kusa da Gadarif, yana noman dawa da riɗi. Shi da bai taɓa zama a aji ba ya ratsa Afirka. Ni na koyar da labarin ƙasa shekara talatin da ɗaya, iyakata Yamai a yamma, Kano a kudu.

Wasiƙarsa ta zo ta hannun wani ɗan kasuwa na Maraɗi. Da ajami ce. Ta fara da "Zuwa ga ƙanena Hashimu." Ya ce ƙafafunsa sun kumbura, numfashi na yi masa wuya, in zo kafin ruwa ya sauka. Ya haɗo da takardar gayyata ta Larabci mai hatimi don a ba ni biza.

Ba zan rubuta ranar da ta zo ba. Ba shi da amfani.

Talata, 2 ga Maris, hantsi

Na shimfiɗa taswirar Afirka a tabarma, na danne kusurwoyinta da takalma. Tawa ce, ni na saye ta, duk abin da direktan lakol ya faɗa ranar da na aje aiki.

Hanya: Maraɗi, Katsina, Kano, Maiduguri, Gamboru. A taka Kamaru kaɗan zuwa Kusuri, a ƙetare kogi a shiga Njamena. Daga nan Mongo, Abashe, Adire bakin iyaka. Cikin Sudan, Jinaina, Niyala, sai jirgin ƙasa zuwa Kosti da Sinnar, sai Gadarif. Na sa kwanan jira a kowace tasha, na sa kwana biyu na lalacewar mota. Kwana ashirin da uku.

Abin da ke riƙe da komai shi ne ruwa. Iskar damina daga teku take tasowa, tana hawowa arewa kaɗan kaɗan kowane mako. Na zana wa yara layinta da shuɗin alli har na gaji. Gabas da Njamena ƙasar baƙar laka ce. Ruwa biyu ya ishe ta ta haɗiye babbar mota har gindi, sai a sa shinge a hanya. Koramun Abashe kuwa yau yashi, gobe su tafi da raƙumi.

Ba na bukatar rediyo ya gaya mini lokaci. Tun 1968 nake rubuta ranar da shamuwa ta fara sauka kan tsamiyar ƙofar gidan nan. Mafi sauri, 14 ga Afrilu. Mafi jinkiri, 9 ga Mayu. Gaban ruwa take bi tun daga kudancin Afirka. Ranar da ta sauka nan, hadari ya riga ya shiga kudancin Cadi. Ina da mako shida.

Talata, bayan shan ruwa

Mairama, matata, ta tsaya kan taswira da ludayi a hannu.

"Malam, ina ne wajen nasu?"

Na nuna mata.

"Mu fa?"

Na nuna.

Ta auna da tafin hannu. "Taƙi biyu ne ma."

Shekara talatin da huɗu ba ta taɓa faɗin sunana ba, kamar kowace matar kirki. Ayuba mahauci, "mai sunan Malam" take ce masa. Amma Hashimu mai goro, ta kan katanga take ƙwala masa kira: "Hashimu! Goronka na jiya duk ƙwari!" Shekarar aurenmu na gaya mata gaskiyar zance. Ta ce ita da wanda liman ya ambata aka ɗaura mata aure, shi take jin kunya. Ban sake tayarwa ba.

Alhamis, 4 ga Maris, ƙarfe ɗaya na rana

Na je buro, ofishin gwamnati, kan maganar fasfo da biza. Faruku ne a teburin, tsohon ɗalibina, wanda ya taɓa sa Agadas a bakin teku. Yanzu shi ke da hatimi. Ya tashi ya ba ni kujera, wannan kam na yaba masa. Ya kira wani mai Larabci ya karanta masa takardar gayyata, sa'an nan ya ɗauki katina.

"Mushe, wane ne Hashimu Chindo?"

"Ni."

"Wane ne Ayuba Chindo?"

"Wana. Shi ya aiko ta."

Ya ɗaga katin. "To wannan fa?"

"Ni."

Ya fara dariya, ya dubi fuskata, ya mayar da ita tari.

Ya ce fasfo ba wuya, amma da sunan Ayuba zai fito. Takarda kuwa Hashimu ta gayyata. Duk ofishin jakadancin da na kai su, abin da za su gani shi ne mutum ya gayyaci wani, sa'an nan mai gayyatar ya zo da kansa yana neman a bar shi ya shiga wajen kansa. Mafita ɗaya: takardar alƙali mai shaida cewa sunayen biyu mutum ɗaya ne. Shaidu biyu.

Na ce yaushe. Ya ce, "Mushe, ka ga halin da ake ciki." Kowa na kan aikin zaɓe har a gama zagaye na biyu, 27 ga wata.

Na ce masa har yanzu yana riƙe biro kamar mai riƙe muciya.

Asabar, 6 ga Maris, bayan azahar

Ɗanmaraya ya zo. Maƙwabcina ne, direban kamiyo, wato babbar mota, yana kai kayan wani alhaji Njamena. Ya tsuguna kan taswirata, ya sa yatsa mai baƙin mai a tsakiyar Cadi.

"Wannan jan layin naka, Mushe, babu shi. Na bi wajen sau ashirin, ban gan shi ba."

"Hanya ce ta ƙasa."

"To ƙasar ce ta cinye ta."

Asabar mai zuwa zai tashi. Ya ce in hau gaba kusa da shi. A Njamena yana da aboki mai zuwa Abashe, abokin kuma yana da suruki a Adire. Can akwai hanyar jakuna da ke bi ta bayan duwan, wato shingen kwastan, mata masu tallar nono ita suke bi kullum.

Na ce ba ni da biza.

"Wanka da wace biza ya tafi? Sanda da buta. Kai ga mota ma."

Na ce shekara talatin da ɗaya ina zana iyakoki da jan alli ina dukan wanda ya karkata su. Ba zan bi bayan duwan tsakanin jakuna ba. Kuma ana azumi.

"Matafiyi ai an sauƙaƙa masa," in ji shi. "Ko wannan ma sai alƙali ya sa hannu?"

Na ce in ya dawo zai tsaya mini shaida. Ya ce, "Ni ko ka ce sunanka Halima zan rantse."

Talata, 9 ga Maris, safe

Motocin jam'iyyu tun da sassafe, da amsa-kuwwa. Canji, canji. Uku daga cikin masu ihun ni na koya musu rubuta sunansu.

Shekara biyu da suka wuce aka yi babban taron ƙasa, wata uku ana magana a rediyo. Kowa ya fito da abin da aka yi masa, wanda aka ɗaure, wanda aka kora, wanda aka ƙwace wa fili. Na saurara kullum. Ba a buɗe babin waɗanda aka miƙa a madadin wani ba.

Laraba, 10 ga Maris, azahar

Zafi. Ban fita ba.

Juma'a, 12 ga Maris, bayan masallaci

Abin da zan iya gani a hanya, in an bi da rana:

Giwaye tsakanin Gamboru da Kusuri. Da rani suna gangarowa kogi, Ɗanmaraya ya ce sun taɓa tsayar da shi rabin yini.

Dorina a kogin Shari, ƙasa da gada.

Barewa, jimina wataƙila, bayan Mongo. Baba ya ce yana yaro raƙumin dawa na shigowa fadamar garinmu. Yanzu ko zomo sai an yi sa'a.

A 1971 ina kwatanta wa aji dorina, nauyinta, haƙoranta, yadda take kwana a ruwa ta fito kiwo. Wani yaro daga baya ya ɗaga hannu ya ce, "Mushe, ka taɓa ganinta?" Na fitar da shi ya tsaya a rana har aka tashi. Ban manta fuskarsa ba. Sunansa na manta.

Asabar, 13 ga Maris, ƙarfe bakwai na safe

Motar Ɗanmaraya ta tashi. Ya danna oda sau uku a ƙofar gidana. Ina ciki ina gyara ma'aunin nisa tsakanin Niyala da Kosti.

Asabar, bayan la'asar

Mairama tana tankaɗe ta ce, ba ta dube ni ba, "Da ka ciro wasiƙar daga littafin taswirar nan tun ana sanyi, da yanzu kana can kana shan ruwa da shi."

Na ce mata ba ta san abin da take faɗa ba.

Ta ce, "Ni nake share ɗakin, Malam."

Alhamis, 18 ga Maris, hantsi

Hanyar nan ta girmi kowace iyaka da ke kanta. Da Turawa suka shigo, dubban mutanenmu suka bi ta gabas da iyalansu, wasu sun kai Makka, wasu suka tsaya inda guzuri ya ƙare suka kafa gari. Ana shekara biyar, shekara goma a tafiya. A yi noma a Wadai damina ɗaya, a tsinci auduga a bakin Nilu damina biyu, a ci gaba. Ayuba shekara uku ya yi kafin ya ga teku. Duk wannan ba ya cikin littafin da aka ba mu mu koyar. A littafin, kibiyoyi daga bakin teku suke shigowa ciki.

Kayan tafiya: riga uku, bargo don duwatsun Darfur, kinin, gishiri da sukari don zawo, tocila, kaye sabo. Mairama ta ƙara daddawa da kuka, ta ce can ba su iya ba.

Abin da zan tambaye shi guda ɗaya ne. Daga cikin rumbu, ya ji lokacin da na ce "Ni ne"?

Laraba, 24 ga Maris, bayan idi

Salla. An zo gaisuwa. Barka da salla, Mushe Ayuba. Na ƙirga har goma sha tara na bari.

Juma'a, 26 ga Maris, bayan magariba

Na je Sae Sabuwa na dawo. Taksi zuwa Maraɗi, daga nan bayan babur, ƙarshe amalanken jaki. Bayana ya gaya mini abin da kwana ashirin da uku za su yi masa.

Tsoho na je nema, ɗan gwaggona, taubashina. Can yake zaune wajen ɗiyarsa, har bakinsa ya koma na Gobirawa. Shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suke tsaye a gidanmu ranar da gardi ya zo. Ya kusa tamanin. Na same shi ƙarƙashin bishiyar bedi yana tufka igiya.

"A'a! Ɗan lakol! Nasara baƙi! Mi ya koro ka, ko alli ya ƙare?"

"Na zo in ga ko bawana na raye."

"Bawa ka ce? Wa ya goye ka ranar da kunama ta harbe ka?"

Da na kawo maganar, ya aje igiya ya yi dariya har da hawaye. Ya tuna komai. Ya ce shi ya mayar da hular rumbu da hannunsa. "Yaron na ciki yana atishawa cikin gero, ni ina waje ina tari don in rufe shi. Gardi ya ce mi ke damun wanga, kawu ya ce tarin shiƙa na." Ya tuna launin dokin gardi. Ya tuna inna ta shige ɗaki ba ta fito ba kwana biyu. Wannan ban sani ba.

Ya ce zai zo gaban alƙali ko a kan jaki ne.

Na dawo da sauƙin rai. Na rubuta shi don ba kullum ba ne.

Asabar, 27 ga Maris, azahar

Na jefa ƙuri'a. Ayuba Chindo ya yi zaɓe.

Alhamis, 1 ga Afrilu, ƙarfe goma sha ɗaya

An gama zaɓe, an shiga yajin aiki. Ƙofar buro a rufe, akuya na kwance a baranda. Ban ga laifinsu ba, sun daɗe ba a sallame su ba. Na ga laifinsu.

Lahadi, 4 ga Afrilu, la'asar

Ɗanmaraya ya dawo. Ya kawo wa Mairama busasshen kifi, ni ya kawo mini labari: abokin nasa ya jira shi yini guda a Njamena da kujerar gaba a buɗe, don ya ce masa wataƙila ya zo da wani dattijo.

"Wa ya sa ka?"

"Ba kowa. Na ɗauka za ka biyo mu da gudu."

Tafiya ɗaya ta rage masa kafin damina, wajen 24 ga wata. Bayan ita, ko uwarsa ce a Abashe sai kaka.

Laraba, 7 ga Afrilu, safe

Iska ta juya yau, daga kudu. Minti kaɗan ne, amma na ji ta a wuya. Na fita na duba tsamiya. Babu komai.

Juma'a, 9 ga Afrilu, azahar

Babu komai a tsamiya. Na kasa cin abinci, ban san dalili ba.

Litinin, 12 ga Afrilu, hantsi

An buɗe buro. Faruku ya zo har gida ya ce an sa mu gaban alƙali Alhamis. Na aika wa Tsoho.

Alhamis, 15 ga Afrilu, bayan la'asar

Zan rubuta shi yadda ya faru.

Tsoho ya iso tun jiya da farar riga da aka aro masa. Alƙalin matashi ne, mai ladabi, ya ce a ba shi kujera. Ɗanmaraya ya fara, ya rantse cewa tun yana yaro ya san ni da suna biyu. Ƙarya ce, ya kuma yi ta da kyau.

Aka zo kan Tsoho. Alƙali ya nuna ni.

"Baba, ka san wannan?"

"Wanga? Wa bai san shi ba? Mushe Ayuba na. Ɗan kawuna Chindo."

"Yana da wani suna?"

"Ɗan lakol. Ni ka ce mishi haka."

"Hashimu fa? Ka san Hashimu Chindo?"

"Ƙwarai. Wanda muka sa rumbu. Shi ya tahi gabas, bai komo ba."

Na miƙe. Na ce, "Tsoho, Ayuba aka sa rumbu."

Ya dube ni kamar na yi sabo. "Kai Ayuba, in kai aka sa rumbu, wa ya tahi lakol?"

Wani a bayan ɗaki ya yi dariya. Alƙali bai yi ba. Ya sake tambaya a hankali, ta gaba, ta baya. Tsoho bai motsa ba. Ba ruɗewa ya yi ba, wannan ne abin. Hankalinsa garau. Ayuba ya je lakol, kowa ya sani, ga shi nan tsaye da tabarau. Saboda haka wanda ya tafi gabas Hashimu ne. Ya ce a je garinmu a tambayi kowa.

Alƙali ya ce, "Mushe, ka yi haƙuri. Ban ce ƙarya kake ba. Amma ba zan sa hannu kan abin da shaidarka ya ƙaryata ba."

Na dawo na duba abin da na rubuta ranar da na je Sae Sabuwa. "Yaron na ciki." Bai faɗi suna ba ko sau ɗaya. Ni da nake kama yara kan wasali ɗaya ban lura ba.

A hanya Tsoho yana ta tambayata, "Na yi daidai ko? Ban manta dokin ba."

Na ce ya yi daidai.

Juma'a, 16 ga Afrilu, bayan magariba

Rediyo tun safe, ana rantsar da sabon shugaba a Yamai. Na kashe.

Na je gidan Ɗanmaraya. Yana ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kawai ake gani. Na ce wa ƙafafun, hanyar jakunan nan, awa nawa ce a ƙasa?

Ya fito ya zauna yana goge hannu. Bai yi mini dariya ba, na kuwa ba shi dama.

"Awa biyu. Ka sa tsohuwar riga, ka cire tabarau. In an tambaye ka, kai mai zuwa gaisuwa ne."

"Wane suna zan faɗa?"

"Wanda ka ga dama, Mushe. Jaki ba ya tambaya."

Asabar 24, bayan asuba.

Litinin, 19 ga Afrilu, ƙarfe shida da rabi na safe

Shamuwa. Biyu, kan reshen gabas. Na rubuta a littafinsu, shekara ta ashirin da shida.

Mata suna murna, Mairama ta fitar da irin gero tana dubawa. Ɗanmaraya ya ɗaga kai ya dube su ya ce har yanzu da saura, in ba a tsaya ba za a wuce Mongo kafin a sa shinge. Na ɗaure jaka. Taswira ba ta shiga, na bar ta.

Alhamis, 22 ga Afrilu, azahar

Ɗan kasuwan Maraɗi ya zo da kansa. Da na ga ya cire takalmi tun daga zaure, ya ƙi shan ruwa, na sani.

Wasiƙar daga Mustafa ce, babban ɗan Ayuba, wanda ban taɓa gani ba. Wani ya kawo ta Kano a jirgi. Hausarsa ta gauraye da Larabci amma ana ganewa.

Juma'a, 23 ga Afrilu, bayan la'asar

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ƙarƙashin tsamiya. Mutanen garinmu sun zo cike da mota, Tsoho a gaba.

"Allah ya ji ƙan Hashimu."

Na gyara wa na farko. Na gyara wa na biyu. Na uku tsohuwa ce, ta riƙe hannuna tana kuka, ta ce ta tuna Hashimu, yaro mai shiru, kullum yana bayan awaki. Na ce amin.

Da liman ya zo addu'a ya sunkuyo ya tambaye ni sunan mamaci. Na ce Ayuba. Ya dafa mini gwiwa, ya juya ya tambayi Tsoho a hankali. Na ji wani yana cewa, "Bar shi, abin ya taɓa shi." Aka ɗaga hannu. Allah ya san wanda ake nufi. Wannan buron aƙalla ba ya neman shaidu.

Mustafa ya ce a wasiƙar, tun kaka Ayuba ya ware buhunan gero ya hana a taɓa, ya ce ƙanensa ba zai iya tuwon dawarsu ba. Suna tambaya yadda nake so a yi da shi.



Asabar, 24 ga Afrilu, ƙarfe shida na safe

Motar ta tashi. Bai danna oda ba.

Lahadi, 25 ga Afrilu, hantsi

Ina zaure Mairama ta leƙo ta ce, "Malam, mai sunanka na sallama. Ya kawo na sadaka."

Na ce ta ce masa naman jiya ma bai ƙare ba.

Ta ce, "Ba mahauci ba. Mai goro."

Ta koma ciki da sauri. Na daɗe kafin in fita in amsa masa.

Laraba, 28 ga Afrilu, bayan azahar

An yi yayyafi jiya, bai jiƙa ƙasa ba. Shamuwa sun zama bakwai, suna ɗaukar kara. Na kwance jaka. Na mayar wa Mairama daddawarta.

Na yi lissafin sau ɗaya, ba zan sake ba. Daga 13 ga Maris, kwana ashirin da uku, 5 ga Afrilu ke nan. Kwana huɗu da na samu.

Wasiƙarsa ta zo ranar Asabar, 16 ga Janairu. Na karanta layin farko, na sa ta cikin littafin taswira, tsakanin Cadi da Sudan. Kwana arba'in da huɗu ta yi a wurin. Lokacin buro a buɗe yake, hanya a bushe. Na so ne shi ma ya jira a rufe, kamar yadda aka rufe sunana, ya ji yadda ake yi.

Ayuba Chindo ya rasu ranar Juma'a, 9 ga Afrilu, bayan azahar, a ƙauyensu kusa da Gadarif. Rabona da shi shekara arba'in da uku. Shi kaɗai ya rage a duniya mai kirana Hashimu.